Bangon Gaba

Ƙarar ƙarfe a jikin bango ce ta fito da Auta daga kicin, hannunta duk kumfar sabulu. Maza biyu ta gani a kan tsani bayan ɗakin Inna, suna ɓamɓare simintin da magini ya shafa makon jiya. Ɓaraguzai na zubowa a kan tukwanen da ta kife a rana. Jami'in ƙaramar hukuma kuwa ya samu inuwa ya tsaya, yana fifita da hularsa.

"Sannunku da aiki," ta ce a hankali, don ba ta san abin da ake ce wa masu rushe maka gyara ba.

"Yauwa ƙanwata. Mama na ciki?"

"Tana ciki. Ƙafa ce ta matsa mata."

"Allah ya ƙara sauƙi. Ki ce mata kada ta ga kamar mugunta ce. Gidan nan yanzu gidan tarihi ne, siminti kuma ba ya cikin tarihinsa. Duk abin da za a taɓa, sai kwamiti ya amince."

Auta ta sunkuyar da kai, kamar yadda ta saba. Sai ga muryar Inna ta taga.

"Ɗan nan, tsagar da kuke tonowa fa? Ita tana cikin tarihin?"

Jami'in ya yi dariya har da dafa ciki. "Mama ke nan! Ba kya rabo da barkwanci."

Kafin azahar tsagar ta dawo yadda take, daga rufi har kusa da ƙasa, daidai kan gadon Inna. In ka tsaya a bayan ɗakin kana iya hango zanen gadon ta cikinta.

* * *

Ranar da aka kafa musu allon ƙarfe a ƙofar gida, maƙwabta har barka suka shigo yi. Kakan Inna ne ya gina gidan, shi ya zana furannin da ke saman ƙofa da hannunsa, ga shi yau hukuma ta san da zamansa. Inna ta sa sabon zane, aka ɗauke ta hoto da manyan mutane.

Tela na ƙofa da ƙofa da su ne ya fara gane abin da allon yake nufi.

"Inna, an yi miki sarauta an ƙwace gidan," ya ce. "Ko ƙusa ba za ki buga ba sai kin je ofis. Ni dai kafin su iso kaina, da hannuna zan kwantar da nawa."

Kuma ya kwantar. Mai kanti ya bi bayansa, sai gidan malamin makaranta, sai na masu wanki. Kowa na sauri kada allo ya riske shi. Inda gidajen suke aka jera shaguna masu ƙofar ƙarfe, waɗanda ake ja a rufe tun kafin magariba. Layin da a da ba ka iya barcin rana saboda hayaniyar yara, yanzu in yamma ta yi sai ledoji ke yawo a cikinsa. Auta takan leƙa ta ƙofa ta ga ba wanda za ta ce wa sannu, ta koma ciki.

Yaya, wan Auta, shi ma ya so su rushe nasu, tun ana raɗe-raɗin allon. Inna ta ce sai dai a rushe da ita a ciki. Ya yi fushi ya kwashe iyalinsa, yanzu gaisuwarsa ta koma ta waya.

"Ya jikin Inna? Har yanzu kuna gadin kayan tarihi?"

"Muna nan, Yaya."

"To Allah ya ba da lada. Ke ma ki yi hankali kada su kafa miki allo a goshi."

Masu fenti ne kaɗai baƙinsu na kullum. Duk lokacin da za a kawo masu ziyara, sai su zo da bokitai su shafe bangon gaba tas, su fito da furannin kaka kamar jiya aka zana su. Da sun kai kusurwa sai su tsaya, layi miƙe kamar an yanka da wuƙa. Inna ta taɓa roƙon babbansu ya zagaya ya ɗan duba mata baya.

"Mama, iya inda ido ke gani daga titi aka ba mu," ya ce, ya miƙa mata kofin ruwanta.

* * *

Ofishin kwamitin yana hawa na biyu, ƙarshen wata doguwar baranda mai warin tsohuwar takarda. Auta ta san bencin wurin kamar gadonta. Abin da ya fi ba ta kunya shi ne hoton gidansu da aka rataye saman teburin sakatariya, ƙato, cikin gilashi, ya yi kyau har ta ji ita ma tana sha'awar zama a irinsa.

"Ke ce kuma?" in ji sakatariyar, idonta na kan waya. "Kwamiti bai zauna ba."

"Anti, damina ta kusa. Jiya ma sun cire gyaran da muka yi."

"Ai ku kuka yi gaban kanku. Akwai maginin da hukuma ta amince da shi, wanda ya iya aikin da. Shi za ku kira."

"Mun je gidansa. Ya rasu tun bara."

Sakatariyar ta ɗago. Da gaske fuskarta ta nuna tausayi. "Allah sarki, tsohon nan! Allah ya jiƙansa. To sai kwamiti ya zauna ya amince da wani."

"Yaushe za su zauna?"

"Shugaban ya tafi taro kan adana tsofaffin gine-gine. In ya dawo kuma sai an samu injiniya, shi kuma ba namu ba ne, na sashen ayyuka ne, su kuma sai sashen tsara gari ya rubuta musu. Ki dai riƙa leƙowa."

Auta ta ce na gode. Tana saukowa daga bene tana jin haushin kanta, me ta gode wa? A bakin titi ta ɗaga kai, ta ga gabas ta fara haɗa baƙi.

* * *

Ruwan ya kwana biyu yana sauka yana tsayawa. Inna ta ƙi barin ɗakinta. A nan aka haife ta, a nan ta haifi nata, ta ce ba wani yayyafi da zai kore ta. Auta ta jera robobi a ƙasa, ta toshe tsagar da tsummoki, ta zauna tana kallon yadda bangon ke yin duhu daga sama yana gangarowa.

Da la'asar ta ji wani ɗan sauti, kamar ana zuba yashi a takarda. Ta duba, ƙasa ce ke zubowa siririya a kan matashin Inna. Ta san in ta ce a fita ba za a fita ba.

"Inna, zo ki taya ni tsince shinkafa. Ni duk tsakuwar kuɓuce mini take yi."

"Ƙatuwa da ke! Gidan wa za ki je da wannan lalaci?" Amma ta miƙo hannu, Auta ta tallafe ta, suka tsallaka tsakar gida a hankali cikin ruwan, Inna na mita har kicin.

Ba su kai rabin farantin ba suka ji ƙarar. Ba ƙara mai firgitarwa ba ce, kamar dai babban mutum ya gaji ya zauna. Ƙura ta taso daga inda ɗakin Inna yake, ruwa ya danne ta nan take. Inna ba ta juya ba. Ta ci gaba da tura ƙwayoyin da yatsa, ɗaya bayan ɗaya, sai can ta ce, "Tabarauna na kan gado."

Washegari kwamiti ya zauna. Kafin rana ta faɗi an gama shawara: gidan na da haɗari, mazauna su tashi. Aka kawo motar rushe gini ta share bayan gidan gaba ɗaya, aka tokare bangon gaba da ƙarafa ta ciki, don shi ne abin da aka yi wa rajista. Yaya ya ba su ɗakin da yake ajiye kaya a bayan shagonsa. Bai ce ai na faɗa ba, amma Auta ta gwammace ya ce.

* * *

Bayan damina Inna ta matsa sai an kai ta ta gani. Suka tarar da doguwar mota a layin, baƙi sun yi cirko-cirko suna ɗaga wayoyi, an sake shafe bangon yana ɗaukar ido. Jami'in na yi musu bayanin furannin, ya hango su.

"A'a, Mama! Kin zo a daidai. Zo ki zauna mana a bakin ƙofa, sun fi son hoto da mutum a ciki. Ƙanwata, ke ɗan matsa gefe."

Auta ta matsa. Ta tsaya jikin ƙofar wani shago tana kallon uwarta zaune a dokin ƙofa, hannuwa a kan gwiwa, ana ce mata ta ɗan yi murmushi. Wata baƙuwa ta tambaya ko har yanzu ana zaune a gidan. Jami'in ya ce iyalin na da alaƙa mai ƙarfi da shi.

Motar ta tashi, layin ya koma shiru. Inna ta dafa bango ta miƙe, ta tura ƙofar. Babu komai a bayanta sai sarari, da ƙarafan da ke riƙe da bangon, da ciyawa har gwiwa. Ta shiga tana jan ƙafa, Auta na biye da ita daga nesa. Ta wuce inda randa take a da, ta kauce wa igiyar shanya da babu ita, ta karkata dama.

A wani wuri da Auta ba ta ga komai ba sai ɗan tudun ƙasa, Inna ta tsaya, daidai inda ƙofar ɗakinta take a da. Ta cire takalmanta, ta jera su gefe guda, sannan ta taka cikin ciyawar.