Wadda Ta Haifi Tormod

Ranar da Marlene ta sauko daga jirgin ruwa a Stornoway, babban garin tsibirinmu, na san ba za mu shirya ba, tun kafin ta buɗe baki. Ta taho tana jan jar akwati, gilashi a saman kai, tana ɗago min hannu kamar tare muka yi wasan ƙasa. Ni kuwa ko hotonta ban taɓa gani ba. Gwaggo Effie ce ta ce in je in ɗauko ta, wai 'yar'uwarmu ce daga Kanada, jikar Marsali.

Gwaggo Effie yayar babana ce. Ta haura tasa'in, kuma ita kaɗai ta rage cikin 'ya'yan kakana Tormod. A ƙauyenmu duk mai son sanin wane ɗan wane ne, ƙofarta yake bugawa. Za ta lumshe ido ta jero maka kakanninka har ka gaji, ta haɗa da wanda teku ya ci da wanda ya gudu da matar maƙwabci. Abu ɗaya ne tak ba a taɓa ji daga bakinta ba, shi ne wadda ta haifi ubanta.

Rabin labarin kam kowa ya sani. Kirsty da Marsali uwa ɗaya uba ɗaya suke. Suka bi sauran 'yan matan tsibiri zuwa gaɓar Ingila aikin kifi, suna feɗewa suna jerawa a ganga da gishiri. Sun tafi su biyu, suka dawo su uku, kuma babu mai aure a cikinsu. Ubansu ya karɓi jaririn, ya ce sunansa Tormod, ya mai da ƙofa ya rufe. Bayan 'yan shekaru Marsali ta shiga jirgi zuwa Kanada, ba ta sake dawowa ba. Kirsty ta auri wani dattijon coci, ta tare da yaron.

Ni ce ke kula da Gwaggo tun da ta karye a ƙugu. Ni ke yi mata wanka, ni ke yanke mata farce, ni ke shan faɗanta idan miyar sha'ir ta yi gishiri. Ban taɓa tambayarta maganar Tormod ba. A wurinmu ba a tambayar babba irin wannan, jira ake yi har ya ga dama. Na saka a raina cewa wata rana za ta ce in ja kujera in zauna, ta miƙa min abin, don ni ce ya kamata. Ban damu da gidanta ko tumakinta ba. Wannan maganar ita ce gadon da nake jira.

Muna shiga gida Marlene ta watsar da jakar hannunta ta rungume tsohuwa.

"Gwaggo! Gwaggona!"

Gwaggon wa? Na tsaya riƙe da akwatinta kamar ɗan dako. Tsohuwar da ko hannunta na riƙe sai ta ce ina matse ta, ga ta nan tana shafa bayan baƙuwa tana dariya.

"Ishbel, sauko da kofunan nan masu zanen fure."

"Na cikin kabad ɗin gilashi?"

"Akwai wasu ne masu fure a gidan nan?"

Tun ina yarinya nake goge kofunan nan, ban taɓa shan ko ruwa da su ba. Na sauko da su, na zuba shayi. Marlene ba ta ma kai kofi baki ba ta ce:

"Gwaggo, don Allah gaya min gaskiya. Kakata Marsali ce ta haifi babanki?"

Saura kaɗan butar shayi ta suɓuce min. Na jira in ga tsohuwa ta haɗe rai ta nuna mata ƙofa. Sai kawai ta kwashe da dariya har da tari.

"Ku ji 'yar nan! Ko kujerar ba ki ɗumama ba."

"Ki yi haƙuri, Gwaggo, abin ya daɗe yana cina. Da kakata ta tsufa ta rikice, kullum tana bakin taga tana kiran Tormod. Mu kuwa ba mu da Tormod a gidanmu."

Na ce, "Rabin mazan tsibirin nan Tormod ne sunansu. Ƙila saurayinta ne."

"Ke Ishbel, ba da ke ake ba," in ji Gwaggo, ko kallona ba ta yi ba.

Daga ranar gidan ya koma nasu. Da safe in zo in tarar Marlene ta riga ni, ta dafa ƙwai ya ƙone, tsohuwa tana ci tana yabawa. Ta koyi kalmomi biyu na harshenmu tana karya su, Gwaggo tana tafi. Hotunan da ke cikin gwangwanin biskit, waɗanda aka hana ni taɓawa da jiƙaƙƙen hannu, ga su baje a kan tebur kusa da man shanu. Kishi ne, ba zan ɓoye ba. Ya cika min ciki har abinci ya daina min daɗi. Matar nan ta zo daga uwa duniya za ta ɗauke min Gwaggo, kuma bai ishe ta ba, sai ta haɗa da kakana.

Mijina Calum ya gaji da jin sunanta a gida. Ya ce, "Baiwar Allah, matar nan hutu ta zo. Za ta koma."

"Za ta koma da me? Shi ne maganar."

Sai na tuna da tsofaffin takardun ƙidayar jama'a. Na shiga mota na tafi ɗakin karatu na Stornoway, na zauna gaban na'ura mai ƙwaƙwalwa har idona ya yi ja. A ƙidayar 1901 na sami Tormod yana ɗan shekara biyu a gidan kakansa, Kirsty da Marsali duk suna nan, an rubuta shi jika, ba a ce na wace ba. Wannan bai yi min amfani ba. Amma a ta 1911 ga shi a gidan mijin Kirsty, kuma a gaban sunansa malamin ƙidaya ya rubuta ɗa, da kyakkyawan rubutu. Na sa aka buga min takardar. A hanyar dawowa har waƙar coci na yi a mota.

Na same su a kicin suna feraye dankali. Na shimfiɗa takardar a tsakaninsu.

"To ga shi, an huta. Ɗan Kirsty ne, hukuma ce ta rubuta. Ki yi haƙuri, Marlene, kin ɓata kuɗin jirgi."

Marlene ta leƙa ta ce, "Ayya, ai ina da ita. Tun a gida na gani."

Gwaggo ta goge hannu a jikin zanen girkinta, ta kawo takardar daf da hanci, ta ajiye.

"Hukuma! Kin san wace ce hukumar a shekarar nan? Malamin makarantar ƙauyen nan ne, aka ba shi littafi da alƙalami. Ya tsaya a bakin ƙofa, maigida ya faɗa, shi kuma ya rubuta. Maigidan nan dattijon coci ne. Me kike so ya ce? Rubuta shegen ƙanwar matata? Ko rubuta shegen matata? Ya ce ɗa, malam ya rubuta ɗa, kowa ya riƙe mutuncinsa."

"Amma Gwaggo, a rubuce yake."

"Rufe min baki da a rubuce. Ke da aka haifa a nan, 'yar fari sunan wa take ci?"

"Sunan kakarta ta wajen uwa."

"Ta biyu fa?"

"Ta wajen uba."

"To ni ce 'yar Tormod ta biyu. Kirsty ake kirana? Marsali ake kirana?"

Duk rayuwata na san wannan al'ada, ni kaina sunan kakata nake ɗauke da shi, amma ban taɓa auna ta a kan Gwaggo ba.

"Effie sunan ungozoma ne," in ji ta. "Ranar da za a yi min baftisma coci ya cika maƙil, har da waɗanda ba sa zuwa. Duk sun zo su ji sunan da Baba zai faɗa, don su san uwarsa. Ya miƙe ya ba su sunan ungozoma. An ce wata mata don haushi ta fita kafin a rufe da addu'a."

Marlene ta yi dariya har da hawaye, Gwaggo ta taya ta. Wannan labarin ma ban taɓa jin sa ba, sai yau da aka yi baƙuwa. Na naɗe takardata na cusa a aljihu.

Ana jibi Marlene za ta tafi, da rana tsaka, motar mai kanti da ke yawo ƙauye-ƙauye da kaya ta yi hon a bakin hanya. Gwaggo ta ce:

"Ishbel, je ki sayo min sukari."

"Akwai sukari, jiya na cika gwangwani."

"To sayo wani. Kuma ki biya ta gidan Dolina ki ce ina gaishe ta da ƙafa."

Gidan Dolina yana can ƙarshen ƙauye, kuma Dolina ba ta sakin baƙo sai ya sha shayi ya ji tarihin ƙafar tun daga farko. Na gane korata ake yi. Na ɗauki jaka na fita, na tsaya a bayan ƙofa ina jin kamar in manna kunne. Ban yi ba, don Calum yana tsallaken hanya yana gyaran shinge, yana kallona.

Da na dawo Marlene tana tsaye gaban wurin wanke-wanke, famfo yana zuba, ba abin da take wankewa. Idanunta sun kumbura. Gwaggo tana kujerarta, hannuwa a cinya, fuskarta ta saki kamar wadda ta sauke tulu daga ka. Ba sai an gaya min ba. An ba da abin, kuma ba ni aka ba.

Na dire sukarin a kan tebur har takardar ta fashe. Marlene ta ce za ta je ta sha iska, ta fice. Na shiga goge murhun da ba ya da datti, ina buga tukwane.

"Me ke cin ki?" in ji Gwaggo.

"Ba komai."

"Ba komai ne kike neman fasa min tukunya?"

"Na ce ba komai, Gwaggo."

Ta daɗe tana kallona. Na ji idonta a bayana. Ta ce, "Akwai abin da kike son cewa?"

Saura kaɗan in tambaye ta. Amma in tambaya yanzu, bayan baƙuwa ta ci ta ƙoshi? Ni da na yi shekaru ina ɗaga ta ina kwantarwa, ni ce zan roƙi ragowa? Idan ta ga na cancanta, ai ta san inda nake.

"Za ki sha maganinki yanzu ko sai an jima?"

"Kawo," in ji ta, ta juya fuska wajen taga.

Na mai da Marlene tashar jirgin ruwa. Ta rungume ni, na tsaya ƙiƙam. Gida ya koma yadda yake, kofuna masu fure suka koma kabad. Na ci gaba da wanka da yankan farce da jira. Wani lokaci Gwaggo takan kira sunana, in juyo da sauri, sai ta ce in ƙara wuta ko in rufe taga. Da sanyi ya shigo ƙirjinta ya kama. Ranar wata Lahadi da safe na shigo da shayi, na tarar ta riga mu gidan gaskiya.

Bayan an yi jana'iza mutane sun watse, ina ninke zannuwan gadonta, waya ta yi ƙara. Marlene ce. Ta yi min ta'aziyya tana shessheƙa, na amsa a daƙile. Sai ta ce:

"Ishbel, akwai wata magana. Ta samu ta gaya miki kuwa? Zancen babanta."

Ga abin nan a bakin waya, kalma ɗaya zan ce in same shi. Amma daga bakin wa? Na hango ta zaune a kicin ɗinta a Kanada, ta riƙe sunan uwar kakana, za ta ba ni sadaka da wannan muryar tata mai tausayi. Na hango ta tana gaya wa mijinta daga baya, wai ka ji, ashe ko Ishbel ba a gaya wa ba.

Na ce, "Haba, Marlene. Ai tun tuni. Tun kafin ki zo."

Ta sauke ajiyar zuciya mai ƙarfi. "Kai, na gode wa Allah! Kin sauke min kaya. Ta sa na yi mata alkawari ba zan rubuta ba, ba zan gaya wa kowa ba, ko 'ya'yana. Ke kaɗai ta ce in gaya wa, idan ta tafi ba ki tambaye ta ba. Tunda kin sani, shi ke nan, na kulle bakina har kabari."

"Haka ya dace," na ce.

"Ashe ranar nan da takardar ƙidaya wasa kike min! Ke dai ba ki da dama." Ta yi 'yar dariya, sai kuma muryarta ta karye. "Amma Ishbel, ni kam har yau in na tuna abin da baiwar Allahn nan ta haɗiye, sai in kasa cin abinci."

"Ni ma," na ce.

Muka yi sallama. Na ajiye wayar, na zauna a bakin gadon Gwaggo da zanen a hannuna, ban san wace ce tsakanin Kirsty da Marsali na ce ina tausaya wa ba.