Takardar Barista da Maɓallan Umma

Shekara huɗu muka yi muna shari'a a kan lungun da ke tsakanin shagon ɗinkin Umma da rumfar Mai-katako, kuma mun faɗi. Ba na ɓoye wannan. Alƙali ya ce lungun nasa ne, ya ƙara da cewa mu za mu biya abin da ya kashe a shari'ar, gwargwadon yadda magatakardar kotu ta tantance.

Bayan mako uku takardar lauyansa ta iso, shafi tara. Na yi difloma a lissafin kuɗi, lamba ba ta razana ni, amma da na kai layin ƙarshe sai da na nemi kujera. Miliyan ɗaya da dubu ɗari takwas. Kekunan ɗinki uku gare mu. Ko an sayar da su duka, an haɗa da teburin yanka da dutsen guga, ba za su kai ba. Lauyanmu kuwa tun ranar hukunci ya daina ɗaga waya.

"Ni zan tsaya mana," na ce wa Umma.

"Ki tsaya, amma ki bar bakin nan naki a gida."

Da shi na tafi, har da jawabi shafi shida.

Ofishin magatakarda ɗan ƙarami ne, fayiloli ɗaure da igiya sun kai bakin taga. Masinjoji suna kiran magatakardar da suna Reza. Dattijuwa ce mai tabarau, gabanta rula da jan biro. Barista, lauyan Mai-katako, ya riga mu zama, ƙamshin turarensa ya cika ɗakin.

Na miƙe. "Ranki ya daɗe, tun farko wannan hukuncin..."

"Zauna, 'yata. Maganar lungu ta wuce. Nan abu biyu nake tambayar kowane layi: an yi aikin? In an yi, ya kai wannan kuɗin? Idan kina da magana, faɗi lambar layi."

Na naɗe jawabina, kunnuwana suna zafi. Ta ɗora rula a layin farko.

"Layi na huɗu. Lauyoyi biyu a kowane zama. Barista, na biyun me ya yi?"

"Yana taimaka mini, ranki ya daɗe."

"Ya taɓa buɗe baki a gaban alƙali?"

"Ba a kai ga haka ba."

"To mai ɗaukar jaka kai za ka sallame shi." Jan biro ya ratsa.

A layi na sha ɗaya na samu tawa. An rubuta kwafin takardu shafi dubu uku. Na ce fayil ɗin gaba ɗaya bai wuce shafi ɗari huɗu ba, ga shi nan a ƙirga. Ta dube ni ta saman tabarau.

"Yauwa. Yanzu kika yi magana."

Ta ba shi kuɗin kwafi uku: na kotu, namu, da nasa.

Sai aka zo babban layi: zama ashirin da shida, kowanne an sa masa kuɗin yini guda. Nan rabin kuɗin yake. Ni ina makaranta lokacin, ban halarci ko ɗaya ba. Sai na ga Umma ta zaro littafin awonta daga jaka, wanda man keke ya ɓata bangonsa. Na ja mayafinta, ta ture hannuna.

"Ranki ya daɗe, ni ban iya zaman banza ba. Duk ranar kotu da rigunan makaranta nake zuwa, ina ɗinka musu maɓalli. Daga an kira sunanmu nake farawa, an ce mu tafi na tsaya. Mai kwangilar da ƙidaya yake biyana, shi ya sa nake rubutawa."

"A gaban alƙali kike ɗinki, Hajiya?"

"A ƙarƙashin mayafi. Hannu ne ke yi, kunne na wurinsa."

Barista ya yi dariya. "Yau maɓalli ne zai ba da shaida?"

"Ba zai bayar ba," in ji Reza, "amma zai nuna mini inda zan duba."

Ta jawo littafin da alƙali ya rubuta zaman kowace rana. Tana faɗin kwanan wata, Umma tana bin littafinta da yatsa.

"Maɓalli biyar."

"An ɗage, lauyan wanda ake ƙara ya roƙa," Reza ta karanta. "Na gaba."

"Uku. Ko zare ban canza ba."

"An ɗage, lauyan wanda ake ƙara yana wata kotun."

Haka suka yi ta tafiya kusan awa biyu, ba ta tsallake rana ko ɗaya ba, ba ta ɗaga murya ba. Zama tara Barista ne ya nemi ɗagewa; ta soke su ɗungurungum, ta ce wanda ya ɓata rana shi zai ɗauki nauyinta. Biyar gajeru ne, ta ba shi kwata. Barista ya kwance maɓallin wuyansa.

Da aka zo zama na sha tara, Umma ta ce, "Ɗari da sha biyu."

Reza ta ɗaga biro. "Ranar tambayar shaidu. Ya sa kuɗin yini, da na kwana biyu na shiri. Kuna da magana?"

Na buɗe baki zan ce shirin ya yi yawa, Umma ta riga ni.

"A ba shi. Ranar nan ya yi aiki, har la'asar yana tsaye. Da aka zo kaina, ya tasa ni da tambaya sai da na manta shekarun haihuwata."

Na taka ƙafarta a ƙarƙashin tebur.

"Ɗauke ƙafarki. Guminsa ne."

Barista ya sunkuyar da kai. Reza ta yi alama ta wuce.

Ta haɗa lissafin sau biyu, ta miƙo mini na haɗa da kaina. Dubu ɗari shida da goma. Ta buga hatimi, ta ce wanda bai gamsu ba yana iya kai ƙorafi gaban alƙali. Babu wanda ya motsa.

A baranda muka tarar da Mai-katako yana jira. Ban sunkuyar da ido ba. Na ce masa kafin wata ya ƙare zai ga kuɗinsa cif, kuma shagon yana nan inda yake.

Sai da muka kai bakin titi na tambayi Umma yadda za a yi. Ta ce da ɗan ajiyarmu da kuɗin rigunan makaranta, keke ɗaya kawai za a sayar.

"Wanne?"

"Naki mana. Ke da ɗinkinki yake tafiya kamar maciji." Ta ɗaga wa mota hannu. "Yi sauri, akwai riga arba'in da ba a yanka ba."