Ƙasan Takalmin Magaji

Wasu fuska suke kallo su san halin mutum, shi kuwa Baduku ƙasan takalmi yake kallo. Ka miƙa masa takalminka don ya ɗinke maka, sai ya kifa shi, ya shafa da babban yatsa, ya faɗa maka abin da ba ka tambaye shi ba. "Wannan matarsa ta fi shi baki," in ji shi, "dubi yadda yake jan ƙafa in zai koma gida." Mutane su yi dariya, amma ba safai yake kuskure ba.

Shagonsa ɗan ƙarami ne, jikin na Tela, kullum cikin warin gam da na fata. Benci ɗaya ne a ciki mai wurin mutum biyu. Wuri na biyun na ɗansa ne, namiji tilo bayan 'yan mata, wanda tun yana zanen goyo uban ya laƙaba masa Magaji. Yaron ya tashi da hannu mai kyau. Kafin ya yi gemu, ɗinkinsa ya fi na uban daidaituwa, kuma uban ya san haka, ko da yake bai taɓa faɗa ba.

Baduku ba ya wasa da coci. Duk Lahadi yana bencin gaba, kuma in Fada, wato firist ɗin cocin, ya ce a roƙi Allah ya kira samari zuwa aikinsa, amin ɗinsa ta fi ta kowa ƙarfi. Shi dai a ransa 'ya'yan mutane yake nufi. Ranar da Magaji ya ajiye basilla ya ce zai tafi makarantar firistoci, tsohon bai yi faɗa ba. Ya ci gaba da buga ƙusarsa, sannan ya ce, "Ka tafi. Amma ranar da za su naɗa ka, kada ka duba inda nake, ba za ka gan ni ba."

Shekaru suka shuɗe. In an yi hutu Magaji ya zo ya durƙusa ya gaishe shi, ya amsa, shi ke nan. Bai sake ba shi aiki ba, bai kuma sake taɓa takalminsa ba. Ɗan baduku ya koma sa takalmin kanti. Ga shi yanzu naɗin ya ƙarato, uwar ta yi roƙo, ta yi kuka, ta yi fushi har ta daina sa masa gishiri daidai a miya, amma tsohon yana kan bakarsa.

Tela ne ke ɗinka farar rigar naɗin, kuma da gangan ya rataye ta a bakin ƙofa inda iska za ta riƙa kaɗa ta a fuskar maƙwabcinsa.

"Ka ɗauke tutar nan daga idona," in ji Baduku.

"Shagonka ne? Tsoho da rigima. Ni dai na gama nawa. Daga wuya zuwa idon sawu babu mai kushe shi. Daga nan ƙasa kuwa, ba sana'ata ba ce."

"Wa zai kalli ƙasa? Rigar ai ta rufe."

Tela ya cire allura daga bakinsa. "Ashe ba ka taɓa zuwa naɗi ba? Kwantawa suke yi, malam. Rub da ciki, a gaban Bishop, fuska a ƙasa, ƙafa wajen jama'a. Kuma ba ɗan lokaci ba, sai an gama kiran sunayen tsarkaka kaf, ka san kuwa suna da yawa. Duk cocin babu abin kallo sai ƙasan takalminsu."

Baduku ya sunkuya kan aikinsa.

"Jiya na ga na ɗanka," Tela ya ƙara, kamar da keken ɗinkinsa yake magana. "Na hagun akwai rami, yatsana zai shiga. Amma ba komai. Mutum nawa ne suka san ɗan waye?"

"Duk garin nan sun sani."

"To, ai shi ke nan, sai su san."

Tsohon ya wuni yana lalata aiki. Ya manna dunduniyar mace a takalmin namiji, ya sake ɓamɓarewa. Rashin jikoki masu ɗauke da sunansa, tunda firist ba ya aure, ya haɗiye, bencin da ya zauna babu kowa ya haɗiye, amma a ce ɗansa ya kwanta gaban jama'a da rami a takalmi, wannan ya tsaya masa a wuya. Da ya koma gida ya ce wa matarsa, ba tare da ya dube ta ba, "Ki ce wa ɗanki ya zo shago gobe da yamma. Takalmi zan yi masa. Ba zuwa na ce zan yi ba, kada ki fara murmushin nan."

"Ni na yi murmushi, Maigida? Haƙorina ke ciwo."

Dokar Baduku ce ba ya yin takalmi da lamba. Sai mutum ya zo da ƙafarsa, kuma da yamma, lokacin da ƙafa ta sha tafiya ta buɗe. Mutum ya tsaya a kan kwali, shi kuma ya durƙusa ya zana da fensir. Bai taɓa karya dokar nan don kowa ba, ba kuma zai fara da ɗan da ya guje masa ba.

Magaji ya zo, ya gaishe shi, ya tuɓe takalmansa a bakin ƙofa. Hannun tsohon ya riga shi tunani, ya ɗauki na hagun ya kifa. Ramin yana nan kamar yadda Tela ya faɗa, amma ba shi ya tsayar da idonsa ba. Ya san takalmin yaron nan tun na farkonsa. Duk shekarun da ya yi a shago, dunduniya yake ci, ta gefen waje, cin mai jan ƙafa. Sau nawa ya sake masa dunduniya yana ce masa malalaci. Wannan kuwa dunduniyarsa lafiya lau. Gaban ne ya cinye, daidai ƙarƙashin yatsu, cin mutumin da ke sauri zuwa inda yake son zuwa. Ya ɗauki na daman, haka. Ya daɗe yana shafawa.

"Na wani ka aro?"

"Nawa ne, Baba."

"Hau kwalin."

Ya durƙusa da ƙyar, gwiwarsa na ƙara. Ya kama idon sawun ɗansa, ya fara zagaye da fensir. Kansa a sunkuye ya yi tambayar da bai taɓa yi ba.

"Wai me ka gani a can da babu a nan? Murya ka ji?"

"Ban ji murya ba, Baba. Ka tuna mutumin nan mai gajeriyar ƙafa ɗaya, da muke yi wa takalmi mai tudu?"

"Mai tsegumin nan. Na tuna."

"Ka aike ni in kai masa asibiti. Na tarar ba zai sake sa takalmi ba. Yana ta neman Fada, an aika, an ce yana wani ƙauye mai nisa. Sai ya riƙe hannuna ya ce in zauna. Na zauna har ya cika, takalmin yana cinyata. Akwai zunubin da yake so ya furta wa firist ya sauke, ni kuwa ba ni da ikon karɓa. Na dawo na ce maka na kai."

Fensirin ya tsaya. "Kuma tun daga nan?"

"Tun kafin nan ma ina jin wani abu, ban san sunansa ba. Na yi ƙoƙarin in danne, don kai. Ina son aikin nan, Baba, ba ƙinsa nake yi ba. Amma kullum in na taho shago, ji nake kamar na bar tukunya a wuta a wani gida."

"Ɗaga yatsan nan. Ba haka ba, sauke nauyinka duka." Ya zagaye ɗaya ƙafar. "Sauran da za a naɗa tare da kai, su ma 'ya'yan mutane ne da aka ƙwace?"

Magaji ya yi dariya. "Ɗaya direban babbar mota ne, har yanzu in yana addu'a kamar yana faɗa da kwandasta. Ɗayan ma'aikacin jinya ne. Uwarsa ta fi ka, ita har makarantar ta bi shi da sanda."

"Mace mai hankali," in ji Baduku. Ya miƙa hannu, ɗan ya tashe shi.

Ya zaɓi fatar da ya daɗe yana ɓoyewa a bayan kabad. Ya ɗinka da hannu, bai yarda da gam kaɗai ba. Gaban ya ninka shi, tunda nan ne mai shi ke ci yanzu. Da ya gama, ya karce ƙasan da wuƙa kaɗan kaɗan don kada santsin daɓen coci ya kayar da shi. Tela ya leƙo ya ce, "Wa zai kai masa?"

"Ba ruwanka."

Ranar naɗin, uwar ta fito ta tarar da shi a tsakar gida cikin rigarsa ta Lahadi, yana goge nasa takalmin.

"Ina zuwa, Maigida?"

"Aikina zan je in gani. Ban taɓa sallamar takalmi ban ga yadda ya zauna a ƙafa ba."

Cocin ya cika maƙil. Ya ƙi bencin da aka keɓe wa iyaye, ya zaɓi bakin hanya ta tsakiya inda zai hango da kyau. Aka kira waɗanda za a naɗa, suka amsa, suka kwanta su uku. Mawaƙa suka fara jero sunayen tsarkaka. Ga ƙasan takalma shida suna kallon jama'a. Na tsakiyar, na Magaji, babu abin cewa, ɗinkin ya tafi sambal. Tsohon ya zo ne don ya duba ɗinki, amma sai ya ga kafaɗun yaron suna rawa a kan daɓe, daga nan kuma bai ƙara ganin komai sosai ba. Matarsa ta miƙa masa gefen mayafinta, ya ture, sannan ya karɓa.

Bayan an tashi, aka ce sabbin firistoci za su fara sa wa iyayensu albarka. Baduku ya durƙusa gaban ɗansa karo na biyu, wannan karon babu fensir. Ya ji hannun a kansa, hannun da har yanzu akwai tabon basilla a yatsansa. Da aka gama bai tashi nan da nan ba. Ya latsa kan takalmin da babban yatsa.

"Yana matsa ka?"

"A'a, Baba."

"To, Allah ya riƙa, Fada." Kalmar ta fito da ƙyar, amma ta fito. Ya kama hannunsa ya miƙe. "Ka ce wa direban nan ya kawo nasa shago. Na daman ya buɗe baki, duk cocin sun gani."