Ƙunshin Inna

Tun a tasha ran Hanatu ya soma ɓaci. Ta ce a kawo mata Inna da sassafe, amma sai da rana ta ɗaga sosai sannan motar Tsafe ta shigo Gusau. Ƙanenta Abdulsamad ya sauko da tsohuwar, ya miƙa mata ita kamar mai miƙa saƙo, wai shi zai wuce Bungudu gaisuwar mutuwa. Ko tambayar wane asibiti za su bai yi ba. Inna kuwa ta sha atamfarta ta Sallah, ta rambaɗa kwalli, ga safa baƙa a ƙafa cikin wannan uban zafi.

"Inna, safar mece ce wannan?"

"Sanyin mota," in ji Inna, tana share gumi da bakin mayafi.

Hanatu ta tare Keke Napep.

Wannan rana ta ganin likita ba da sauƙi ta samo ta ba, shi ya sa take ji da ita. Hanatu malamar firamare ce a Sabon Gari, Inna kuma tana can 'Yandoto tare da Abdulsamad da iyalinsa. Da damina Hanatu ta je gida, ta iske Inna tana alwala, sai idonta ya faɗa kan wani baƙin tabo a tafin ƙafarta ta hagu, bai wuce ƙwayar gyaɗa ba. Inna ta ce ƙaya ce ta taka. Da ta koma lokacin girbi, ƙayar nan ta kai girman goro, gefenta a yayyage, ta ɗan tasa, wani lokaci har tana tsattsafo da jini. Tun daga ranar Hanatu ba ta sake barci mai daɗi ba. Ta yi ta zarya asibiti, wannan ya tura ta wajen wancan, har aka ce mata akwai likitar fata da ke zuwa daga wani gari jefi-jefi, kuma mace ce. Wannan ne ma ya sa Inna ta yarda, don ta rantse ba namijin da zai ga bayanta tana da rai.

Nas ɗin da ta ba su rana ta yi wa Hanatu bayani dalla-dalla. Duk jiki za a duba, daga tsakar kai har tafin ƙafa. A tsefe kai, kada a shafa mai, kada a yi lalle, don likita fatar take son gani yadda Allah ya yi ta. Hanatu ta kira Ruƙayyatu matar Abdulsamad ta faɗa mata. Washegari ta sake kira. Ta maimaita har sai da yarinyar ta ce, "Yaya, wallahi na haddace."

Da layi ya zo kansu, likitar ta gaishe da Inna da ladabi, ta ce sunanta Nusaiba. Ta sa aka ja labule, ta miƙa wa Inna wani zane mai tsabta, ta ce ta cire kayanta ta rufa da shi. Ta ce ba za ta buɗe jikin gaba ɗaya ba, wuri-wuri za ta riƙa ɗagawa tana mayarwa, kuma duk inda Inna ta ce a dakata za a dakata. Hanatu ta gyara tsayuwa, tana jiran rigima. Ta san uwarta. Sai ga Inna ta kwance ɗankwali ba musu, ta cire riga, ta hau gado ta zauna kamar ɗalibar kirki. Safar kaɗai ta bari.

Likita ta fara daga kai. Ta riƙa buɗa furfurar da yatsu tana leƙa fatar ƙasa, ta duba bayan kunnuwa da wuya, ta ce Inna ta buɗe baki ta ɗaga harshe. Akwai wani ɗan gilashi mai fitila a hannunta, duk inda ta ga ɗigo sai ta ɗora shi ta kafa ido. Ta duba hannaye ciki da baya, ta bi farata ɗaya bayan ɗaya.

"Wannan fa, Inna?"

"Ƙunar man ƙuli ce. Ta girme ki."

Likita ta yi dariya, ta wuce baya, ta duba hammata da ƙarƙashin nono da ciki, tana tambaya ko akwai inda ke ƙaiƙayi, ko wani miki da ya ƙi warkewa. Inna kuwa baki ya buɗe. Wannan tabon na ƙyanda ne, wancan tsagar wanzami ce, wannan akuya ce ta tunkuye ta shekarar da aka yi fara. Hanatu ta ƙosa. Ita ƙafa ta kawo, ana nan ana ba da tarihin akuya.

"To Inna, saura ƙafafu. A cire safar."

Inna ta yi kamar ba ta ji ba. Hanatu ta durƙusa ta zare safar da kanta, ta dama sannan ta hagu.

Innalillahi! Ƙafafun nan sun sha ƙunshi har idon sawu, kuma ba jan lallen nan na ado ba. Baƙi ne wuluk, an maimaita shi an kuma bi shi da gishirin lalle, tafin duk ya zama kamar gindin tukunya. Tabo da fata sun zama abu ɗaya.

Hanatu ba ta san lokacin da ta fita ɗakin ba. A baranda ta danna kiran Ruƙayyatu.

"Ke wace irin mutum ce? Me na ce miki? Me na ce miki game da lalle? Kin san wahalar da na sha kuwa? Ko don ba uwarki ba ce?"

"Yaya, ki tsaya ki ji..."

"Ba zan tsaya ba! Kin haddace, ko? Ga haddar nan na gani!"

Mutanen da ke kan benci suka zuba mata ido, ko a jikinta. Sai da ta yi mai isarta sannan ta ji Ruƙayyatu tana kuka tana rantsuwa. Ta ce ta faɗa wa Inna, har a gaban Abdulsamad ta faɗa. Ranar da ta faɗa ɗin, ranar Inna ta aika aka sayo lalle. Ita ta kwaɓa abinta, ita ta ƙunsa, ta kuma yi ta maimaitawa, kuma ta ce duk wanda ya gaya wa ta Gusau ba ta yafe ba.

Hanatu ta tsaya da waya a kunne. Sai yanzu ta tuna hannayen da likita ta gama dubawa, ko ɗigon lalle babu a jikinsu. Wace mace ce ke ƙunsa ƙafa ta bar hannu? Kuma rabon Inna da lalle tun rasuwar Baba. Ta kashe wayar ba tare da ta ba yarinyar haƙuri ba, ta koma ciki kamar za ta ɓalle ƙofar.

"Inna, da gangan kika yi."

"Yo in kai wa baƙuwa ƙafa duk faso?"

"Kada ki mayar da ni yarinya! Da gangan kika yi! Na bar ajina, na yi ta yawo kamar mahaukaciya, na roƙi wanda ban taɓa roƙa ba, ke kuma kina can kina kwaɓa lalle. Idan mutuwa kike so ai sai ki faɗa mini, in huta da zarya!"

Tunda Hanatu take ba ta taɓa ɗaga wa uwarta murya haka ba. Nas ta ce, "Haba Malama." Inna ta kawar da kai tana kallon bango.

Likita ta ɗaga hannu, ta ce duk su saurare ta. Ta ce gaskiya lallen ya hana ta ganin launin tabon, gilashinta ba zai yi amfani a nan ba, kuma kafin ya goge sai an yi makonni, ita kuwa ba ta son a jira. Amma yatsunta sun ji tudun. Sannan lokacin da Hanatu ta fita, ta taɓa matsematsin Inna na hagu ta ji kaluluwa mai tauri.

"Abin da ya sa muke duba jiki duka ke nan," in ji ta. "Ban ce ga abin da yake ba, ban sani ba tukuna. Kaluluwa takan fito don miki kawai, takan kuma fito don abin da ya fi haka. Ina so in yi miki allurar kashe zafi, in ɗebi kaɗan daga wurin a kai a auna."

Inna ta janye ƙafarta ta cusa ƙarƙashin zane.

"Daga kaɗan ake farawa," ta ce. "Haka aka yi wa Malam Bawa. Yatsa aka ce, aka ƙare a gwiwa."

"Malam Bawa ciwon suga ne da shi, Inna!" in ji Hanatu. "Mene ne haɗinki da shi?"

"Ke wagga, ba ki san komi ba." Inna ba ta kiran sunanta, don ita ce 'yar fari. "Kina nan birni kina kwana da ƙofa a rufe. Mu can da takalmi muke kwana. Ranar da aka ce ga ɓarayin daji nan, kowa ƙafarshi ce motarshi. Da suka shiga ƙauyen su Malam Bawa, kowa ya watse, ɗanshi ya koma ya goya shi. Yaro ƙaƙƙarfa, ya fi Abdulsamad gudu. Yau tsohon na nan yana jan gindi a ƙofar gida, ɗan kuwa an rufe shi, ya bar mata da goyo." Ta yi gyaran murya. "Na san Abdulsamad. Ko na ce ya tafi ba zai tafi ba. To ni ba za a yanke mini ƙafa ɗana ya mutu a ƙarƙashina ba. Gara abin ya ci ni ina tsaye."

Nas ta sunkuyar da kai tana gyara abin da ba ya bukatar gyara.

Wani zai ce a nan fushin Hanatu ya kamata ya sauka. Ina! Ƙaruwa ya yi. Ta ji haushin mutanen da suka mayar da tsohuwa mai kwana da takalmi. Ta ji haushin Abdulsamad da ya tafi gaisuwar uwar wani ya bar tasa. Ta ji haushin kanta, da take zuwa gida da rana ta gudo kafin la'asar, ba ta taɓa tambayar yadda suke kwana ba. Amma duk cikinsu Inna ce a gabanta, don haka a kanta ta sauke.

"Wato kin zauna ke kaɗai kin yanke wanda zai mutu da wanda zai rayu. Abdulsamad ne kaɗai ɗanki? Ni tsinto ni kika yi? Ba ni da ɗaki? Ba ni da baya?"

"Ni ba ni zama gidan suruki."

"Za ki zauna! Wallahi za ki zauna, ko da ɗaure ki zan yi!" Hawaye suka zubo mata, ta share su da ƙarfi kamar sun yi mata laifi. "Miƙo ƙafar nan."

Likita ta ce a hankali, "Inna, ba zan yi miki alkawarin abin da ban sani ba. Amma yau ba abin da zan taɓa sai abin da na faɗa. Kuma irin wannan, jinkiri ne yake sa a rasa da yawa."

Inna ta dubi 'yarta. Can sai ta zaro baƙar ƙafar nan daga ƙarƙashin zane, ta ɗora a kan cinyar Hanatu, ta rufe fuska da mayafi.

Aikin bai daɗe ba. Aka yi allura, aka ɗiba, aka ɗinke, aka naɗe da bandeji fari tas a kan baƙin lalle. Likita ta ce kada Inna ta taka ƙafar yau da gobe, kuma za a kira Hanatu idan sakamako ya fito. Nas ta tafi neman keken marasa lafiya, ta dawo ta ce an fita da shi, sai su ɗan jira.

Hanatu ba ta jira ba. Ta cire mayafinta ta ɗaura a ƙugu, ta juya wa Inna baya, ta durƙusa a bakin gado.

"Hau."

"Ke, ba ki da hankali? Mutane fa?"

"Na ce ki hau."

Inna ta hau. Hanatu ta miƙe, sai gabanta ya faɗi, don ko rabin buhun gero tsohuwar ba ta kai ba. Ta fito da ita baranda, ta ratsa masu jiran layi, suna ta "sannu, sannu," ba ta amsa wa kowa ba. Da ta sauka filin asibiti sai ta ƙara sauri. Inna ta ƙanƙame wuyanta.

"Ke wagga, a hankali! Za ki kayar da ni!"

"Ba ke kika ce ba a gudu da ke ba?" in ji Hanatu, tana haki, tana kuka, tana masifa. "To ki riƙe ni da kyau."

Ta zuba da gudu, takalminta ɗaya ya fice ta bar shi a nan, ba ta tsaya ba sai a bakin get inda masu Keke suke.