Ranar da Yasna ta Hau Suruka

Tun kafin jirgin ya zagayo tsibirin suka fara jin rugugin, kamar ana juye duwatsu daga babbar mota. Dattijo Baudilio ya rage wutar inji, ya tofar da yawu a ruwa.

"Ga ta can," in ji shi. "Yau da fushi ta tashi."

Suruka masuntan ƙauyensu ke kiran wannan igiyar ruwa, don ba mai tunkararta gaba da gaba. Tafiyar awa biyu ce cikin teku daga ƙauyen, can kudancin Chile, inda waya ba ta kamawa balle a yi zancen asibiti. Shekara arba'in Baudilio yana kauce mata da jirgin kamun kifinsa. Yau kuwa da hannunsa ya kawo mata 'yarsa.

Yasna tana zaune a goshin jirgin tana goga kaki a dogon allonta na hawan igiyar ruwa. Malamar firamare ce, shekarunta talatin da ɗaya. Shekara uku tana roƙonsa ya kawo ta nan yana ƙi, sai da ya ji za ta nemo matuƙi daga birni, wanda bai san inda duwatsun ƙarƙashi suke ba.

"Baba, sha shayinka, zai huce."

"Rabu da ni da shayi. Kin ga baƙin dutsen can? In kin faɗi kada ki nufe shi. Ki bar ruwa ya kawo ki, zan zo."

"Da wannan tsohon injin?"

"Ya girme ki, ya kuma fi ki jin magana."

Ta yi dariya, ta sumbaci goshinsa, ta faɗa ruwa.

Igiya uku ta bari suka wuce. Ta huɗu ta taso baƙa ƙirin, tsayinta ya kai hasumiyar cocin ƙauyen. Baudilio ya ga 'yarsa ta miƙe a kan allon, 'yar ƙarama kamar ƙuda a jikin bango, tana gangarowa da gudun da bai taɓa gani ba. Ta kai ƙasa a tsaye. Sai bakin igiyar ya rufto mata.

Ya fara ƙirga. Goma. Ashirin. Rabin allon ya taso, ita ba ta taso ba. Wata igiyar ta zo ta rufe wurin.

Ya danna jirgin cikin kumfar, inda ya sha hana samari shiga. Kusa da baƙin dutsen ya hango rigarta mai ruwan ɗorawa. Ya damƙi wuyan rigar, ya fizgo ta kamar taru cike da kifi. Injin ya yi tari, ya mutu. Ga wata igiyar kuma tana tafe. Ya ja igiyar tayar da injin sau ɗaya, sau biyu, yana zaginsa yana lallashinsa. A na uku ya tashi.

Sai da suka fita sarari Yasna ta gama amayar da ruwan gishiri. Kafaɗarta ta hagu ta goce, leɓenta ya fashe. Ya lulluɓe ta da bargo.

"Ka gani, Baba?" ta ce da dasasshiyar murya.

"Na gani."

"Na tsaya?"

"Kin tsaya, 'yar nan. Kin tsaya da kyau."

Ya koma ya kama sandar tuƙi, amma hannunsa ya ƙi tsayawa. Jirgin ya dinga karkata hagu da dama. Ya sauya hannu, duk ɗaya.

Yasna ta dube shi. Ta ja jiki ta zauna kusa da shi, ta ɗora lafiyayyen hannunta a kan sandar. Ya sakar mata, ya cusa hannayensa a hammata.

"Sanyi ne," in ji shi.

"Na sani."

Can ya ɗaga haɓa ya nuna mata gaba. "Ɗan yi dama. Akwai dutse a nan."

Ta yi dama.