"Mu" Ɗin da Ba a Fayyace Ba

Ɗaya daga cikin kujerun robar ƙafarta a karye take, an tokare ta da dutse. A kanta Kauthar ta zauna, kamar kullum. Ta jima tana tasowa daga Kubwa zuwa wannan zama na masu karatu a wani lambu a Wuse, don tun da aiki ya kawo ta Abuja, nan ne kaɗai take jin hirar da ba ta ofis ba. Har yau Nabilah, mai haɗa zaman, "baiwar Allah" take ce mata.

Littafin wannan watan labarin wani ƙauye ne da aka tasa don a gina birni. Mutanen suka tafi, inuwoyinsu suka ƙi bin su. Mai ba da labarin "mu" yake cewa tun daga farko, bai taɓa faɗin ko su waye ba. Tawfiq ya ce ai mutanen ƙauyen ne, a wuce wurin. James ya ce matattu ne, Tawfiq ya tsokane shi, wai shi komai sai ya kai shi maƙabarta.

Kauthar ta sha juya maganar a ranta cikin motar haya. Ta yi gyaran murya.

"Inuwoyin ne," ta ce. "Ba su taɓa cin abinci ba, ba wanda ya taɓa amsa musu magana. Kuma da rana ta take tsaka sai labarin ya yanke, sai la'asar yake dawowa."

James ya hau buɗe shafuka. Ita kuwa tana jiran wani ya musa mata, ko ya tambayi sunanta.

"Oga Tawfiq, an ka da kai," in ji James yana dariya. Tawfiq ya rantse dama hakan ya so ya faɗa.

Nabilah ta ce lallai baiwar Allah ta iya karatu, sannan ta duba waya. "To, mu tashi mu je cin kifi kafin wurin ya cika."

Mu. Kalmar ba ta nuna ko da ita a ciki. Kauthar ta tsaya riƙe da jaka ko wani zai waiwayo. Suna can suna gardamar wanda zai zauna a kujerar gaba a mota. Inuwarta ta miƙe har gindin motar tasu, ba wanda ya lura.

Ta gyara dutsen a ƙarƙashin kujerar, ta bi ta ƙaramar ƙofa zuwa inda ake shiga motar Kubwa.