Wanda Ya Tona 'Yar Bakin Gada

Tun tana ɗaliba a jami'ar Wudil Khaulat ta buɗe shafinta a intanet, ta sa masa suna 'Yar Bakin Gada. Ta gama karatu, ta yi aure, ta kama koyar da lissafi a makarantar kuɗi ta Alhaji Gwadabe, shafin yana nan. Fiye da shekara goma tana rubuta abin da ya dame ta da abin da ya ba ta dariya: cunkoson motocin shanu ranar Juma'a, tsadar kifi a bakin kogi, rasuwar mahaifinta. Ba ta taɓa sa sunanta ko fuskar kowa ba. In za ta ba da labarin mutum sai ta sauya masa suna da unguwa. Mijinta Abdulbaƙi da ƙawarta Tabita, ma'aikaciyar ɗakin karatu a jami'ar, su kaɗai suka san ita ce.

Bayan haihuwarta ta biyu ta shiga wani hali. Ba barci, ba cin abinci, jariri na kuka ita ma tana kuka. Abdulbaƙi ya riƙa kai ta wurin likitan ƙwaƙwalwa a Kano a ɓoye har ta warke. Da ta dawo hayyacinta ta rubuta komai a shafin. Daga nan mutane suka fara zuwa ƙarƙashin rubutunta suna amayar da nasu damuwoyin, kowa da sunan aro. Abin da yawancinsu ba su sani ba shi ne, duk wanda ya yi sharhi, mai shafi tana ganin imel ɗin da ya shigar.

Ta haka ta daɗe da sanin wane ne mai yin sharhi da sunan Ɗan Gari. Malam Mudassir ne, abokin aikinta, mijin Sakina 'yar Alhaji Gwadabe. Cikakken sunansa na cikin imel ɗin. Yakan zo ya zagi wani da yake kira Tsohon Jahili, wanda ya gina makaranta alhali bai iya karanta sunansa ba. Sau da dama ya rubuta cewa shi dai don aiki ya auri 'yar tsohon, kuma ranar da makarantar ta dawo hannunsa zai san yadda zai yi da ita. Khaulat takan karanta ta wuce. Da safe su gaisa a ɗakin malamai kamar ba komai.

Da shugaban makarantar ya yi ritaya, Alhaji ya ce Khaulat ce za ta gaje shi. A makon ne ta yi kuskure. An yi ruwan sama mai ƙarfi, ta ɗauki hoton kogin daga benen makarantar ta sa a shafin, ba ta lura ba gefen tagar ɗakin malamai da tsagaggen gilashinta sun fito.

Ba a jima ba rubutunta na rashin lafiya ya bayyana a zauren WhatsApp na iyayen yara, haɗe da hoton tagar da hotonta na bikin yaye ɗalibai. Mudassir ne ya tura, da lambarsa, ya rubuta a ƙasa: “Iyaye, ku san wadda za a danƙa wa 'ya'yanku.”

Kafin Azahar magana ta zaga Wudil. Wata uwa ta zo har aji ta janye 'yarta. A bakin ƙofar makaranta wani mai babur ya nuna ta da baki, abokansa suka kwashe da dariya. Surukarta ta taso daga Kausani tana tambayar Abdulbaƙi me ya sa ya ɓoye mata yana zaune da mai taɓin hankali.

Alhaji ya kira ta ofis.

“Malama, ni ban ga laifinki ba, lalura ce. Amma iyaye sun tsorata. Ki ɗan huta a gida, Mudassir ya riƙe kafin ƙura ta lafa.”

“To, ranka ya daɗe,” ta ce. Ta ɗauki jakarta ta fita.

Ba ta yi kuka ba. Ta zauna a gida tana bin sharhin Ɗan Gari ɗaya bayan ɗaya, tana ɗaukar hoton kowanne tare da imel ɗinsa. Tabita ta zo dubiya ta same ta a kai.

“Khaulat, me kike shirin yi?”

“Abin da ya yi mini.”

“Shi kaɗai kike gani. Akwai Sakina. Akwai matan da suka faɗa miki abin da ba su faɗa wa iyayensu ba. In suka gane kina ganin sunayensu fa?”

“Sakina gara ta sani. Sauran kuwa ban taɓa su ba.”

“Ki bar shi da Allah mana.”

“Na bar shi da Allah shekaru, Tabita. Ina riƙe da asirinsa ina gaishe shi. Shi kuwa ya riƙe nawa kwana nawa?”

Abdulbaƙi da ya ji sai ya ce, “Maman Nu'uman, ba zan ce ki yi ba. Amma ba zan hana ki ba.”

Ta jira har ranar da Alhaji ya tara iyaye da malamai domin gabatar da Mudassir a matsayin sabon shugaba. An kafa rumfa, an jera kujeru, Mudassir ya sha babbar riga. Ana tsakiyar addu'ar buɗe taro Khaulat, daga ɗakinta, ta wallafa sabon rubutu. A karon farko ta sa sunanta da na mahaifinta. Ta ce ita ce, ta yi rashin lafiya, ta sha magani, ta warke, ba ta jin kunya. Sannan ta jera hotunan kalaman Ɗan Gari, ta tura wa zauren iyayen yara.

Wata malama ce ta ba ta labarin yadda aka yi. Wayoyi suka fara ƙara a cikin rumfa, kawuna suka sunkuya. Alhaji ya tambayi me ake kallo, aka rasa mai faɗa masa, har sai da ya matsa wa wani limami ya karanta masa a kunne. Ya saurara har ƙarshe. Ya miƙe ya karɓi makirufo daga hannun surukinsa ya ce, “Tsohon Jahili ya sallami taro.” Kafin Magariba Sakina ta kwashe kayanta ta koma gida.

Alhaji bai mayar da Khaulat ba. Ya aiko a ce mata ya gode, amma da ta zo ta faɗa masa a ofis maimakon ta tara masa duniya. Ya ɗauko shugaba daga Gaya.

Shafin ma ya canja. Saƙonni suka yi ta shigowa, ba na zagi ba, na roƙo: don Allah ki goge abin da na rubuta, don darajar iyayenki. Ta goge duka, ta kashe wurin da ke neman imel, ta rubuta cewa ta yi hakan. Duk da haka ba wanda ya sake buɗe mata cikinsa. Tabita ma ta ɗauki lokaci kafin ta sake taka gidan.

Bayan damina ta samu aiki a wata makaranta a hanyar Ɗankaza. Wata safiya tana jiran mota a tasha sai ga Mudassir da jaka a kafaɗa, zai hau ta Kano. Ya rame. Ya hango ta, ya yi kamar zai kauce, sai kuma ya matso.

“Malama, kin raba ni da matata da aikina. Hankalinki ya kwanta?”

Ta dube shi daga hula har takalmi.

“Malam Mudassir, ko harafi ɗaya ban ƙara a maganarka ba.”

“Da kin sani tun tuni, me ya hana ki yi mini magana?”

“Amana ce. Kai ka koya mini ba dole ba ne a riƙe ta.”

Kwandasta ya buga jikin mota yana kiran saura mutum ɗaya. Mudassir ya shiga ya takure a baya. Ita kuma ta gyara mayafinta ta tsallaka titi, don motar hanyar Ɗankaza ta riga ta fara lodi.